KIWON LAFIYA: Cire haƙori, ina matsalar take?

Duk wanda ya taɓa kwana da ciwon haƙori ya san cewa daren nan ya fi kowane dare tsawo. Manomi ya kan ajiye hauyarsa, ma'aikaci ya kasa zama a biro, mace ta kasa girki, ɗan lakwal ya kasa sauraron mushe. Amma duk da haka ba mu saba lissafa ciwon haƙori cikin manyan cututtuka ba. Mukan ce abu ne na haƙuri, a tura kanumfari cikin kogon, a sha ƙwaya, a jira ya lafa. Sai ranar da kunci ya kumbura, baki ya ƙi buɗuwa, sannan a nemi mota zuwa gidan likita. A wannan rana kuwa, sau da yawa, ba abin da ya rage wa likita sai ya ɗauki awartaki.

Yau za mu duba wannan al'amari: me ya sa cirewa ta zama kusan ita kaɗai ce maganin haƙori da talaka ya sani, yaya ake yin ta, me ke faruwa bayan an koma gida, kuma wane nauyi ne ya rataya a wuyan hukuma da na jama'a.

ABIN DA ƘIDIDDIGA TA NUNA

A watan Nuwamba na shekarar 2022 ƙungiyar lafiya ta duniya, watau OMS, ta fitar da babban rahoto bisa lafiyar baki. Rahoton ya nuna cewa mutane wajen miliyar 3 da rabi ne ke fama da ciwon baki ko na haƙori, kusan rabin bil Adama ke nan, kuma uku daga cikin kowane huɗu suna zaune ne a ƙasashe matalauta ko masu matsakaicin ƙarfi. Mutane kimanin miliyar 2 suna da ruɓaɓɓen haƙori wanda ba a yi wa magani ba, yara fiye da miliyan 500 kuma suna da ruɓa a haƙoransu na farko.

A yankin Afirka na ƙungiyar, mutane kusan miliyan 480 abin ya shafa, watau kashi 44 bisa ɗari. Likitocin haƙori kuwa ba su wuce 3 da ɗan abu ba ga kowane mutum 100.000, wajen kashi ɗaya bisa goma na matsakaicin abin da ake da shi a duniya. A ƙasarmu, inda fiye da kashi 80 bisa ɗari na jama'a suke zaune a karkara, likitocin haƙori da kujerunsu da injinansu sun fi taruwa a Yamai da manyan biranen jihohi kamar Damagaram, Maraɗi da Tawa. Mutumin ƙauye da ke ciwon haƙori sai ya biya kuɗin mota, ya bar aikinsa, ya nemi masauki, kafin ya kai ga kuɗin magani.

Daga nan ne za a gane dalilin da ya sa ake zuwa a makare. Ba wauta ba ce. Lissafi ne na mai ƙaramin ƙarfi. Amma lissafi ne da ke ƙarewa da asara.

YADDA HAƘORI KE MUTUWA

Babban mutum yana da haƙora 32, yaro kuma 20. Haƙori ba ƙashi ne kurum ba. Yana da ɓawo mai tauri a waje, da wani sashe mai ɗan taushi a ƙarƙashinsa, sannan a can ciki akwai jijiya da hanyoyin jini. Babu wata tsutsa da ke zaune cikin haƙori, ko da yake masu tallan magani a kasuwa suna turara hayaƙi su nuna wa mutane wani abu cikin ƙwarya su ce ga ta ta fito. Abin da ke faruwa shi ne, ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani suna zaune cikin dattin da ke maƙale wa haƙora, suna cin sukarin da muka ci, suna fitar da tsami, tsamin kuma yana zaizaye ɓawon sannu a hankali.

Wannan aiki yakan ɗauki watanni, wani lokaci shekaru. Da farko babu zafi. Daga baya sai mutum ya ji tsami in ya sha ruwan sanyi ko ya ci zaƙi. A wannan mataki likita yana iya share kogon ya cike shi cikin ɗan lokaci, haƙori ya ci gaba da aikinsa. In aka bari ruɓar ta kai ga jijiya, sai zugin dare ya soma. Ko a nan ana iya ceton haƙorin ta hanyar cire jijiyar da cike saiwar, amma aikin yana bukatar dawowa sau biyu ko uku, da kuɗi masu yawa. In aka ƙara bari, jijiya ta mutu, zafi ya lafa, mutum ya ce ya warke. Bai warke ba. Mugunya ce ke taruwa a gindin saiwa, tana jiran ranar da za ta kumbura fuska.

Hanya ta biyu ita ce ciwon dasashi. Datti ya daskare ya zama kamar dutse a gindin haƙora, dasashi ya riƙa jini, ƙashin da ke riƙe da haƙori ya zaizaye, har haƙori mai lafiya ya soma girgiɗi. Taba da ciwon sukari suna ƙara masa gudu. Shi ne ke raba dattawa da haƙoransu, har muka ɗauka tsufa ne kawai.

GABAN WANZAMI KO GABAN LIKITA

A ƙauyuka da kasuwanni da yawa, wanzami ko wani mai awartaki shi ne ke cire haƙori. Ba za mu raina wanzamai ba, domin sun daɗe suna yi wa jama'a hidima a inda babu kowa. Amma gaskiya ba ta neman ado. Turamen baki suna da saiwa biyu ko uku, wani lokaci a lanƙwashe. Wanda ya finciko da ƙarfi ba tare da ya ga hoton saiwar ba yana iya karya ta ya bar guntu a ciki, ko ya fasa ƙashin muƙamuƙi. Ƙarfen da ya shiga bakin wani ya shiga na wani ba tare da an dafa shi cikin injin tsabtace kaya ba yana iya ɗaukar ciwon hanta, da sida, da tetanos mai sarƙe haƙora. In kuma jini ya ɓalle, ba shi da abin tsayar da shi. Masu iya magana sun ce araha ba ta ado.

A gidan likita aikin yana da tsari. Likita zai fara da tambaya, kuma a nan ne majinyaci ya kamata ya faɗi gaskiya duka: ko yana da hawan jini, ko ciwon sukari, ko ciwon zuciya, ko emasi, ko yana shan maganin tsinka jini, ko jininsa yana da wuyar tsayawa in ya yanke, ko wata allura ta taɓa yi masa illa. Mace ta faɗa in tana da ciki. Juna biyu ba ya hana a yi wa mace maganin haƙori, amma likita ne zai zaɓi lokaci da irin maganin da ya dace. Sau da yawa ana ɗaukar hoton rediyo don a ga saiwar.

Bayan haka sai allurar kashe zafi a dasashi. Cikin ƴan mintoci leɓe da kunci su yi nauyi. Likita ya sa wani ɗan ƙarfe ya sassauta haƙorin daga mazauninsa, sannan ya kama shi da awartaki ya jijjiga a hankali har ya fito. Majinyaci zai ji dannawa da ja, amma bai kamata ya ji zafi mai kaifi ba. In ya ji, ya ɗaga hannu a ƙara masa allura. Haƙorin ƙarshe, wanda ke fitowa tsakanin shekara 17 da 25, wani lokaci yakan kwanta a karkace cikin ƙashi. Shi kan sai an tsaga dasashi, wataƙila a raba shi gida biyu, a yi ɗinki.

Akwai masu cewa cire haƙorin sama yana makantar da ido. Wannan magana ba ta da tushe: jijiyar gani dabam take da jijiyar haƙori. Abin da ke iya kaiwa ga ido shi ne mugunyar haƙorin da aka bari ba magani.

KWANA UKU MASU HATSARI

Ga abin da ya fi muhimmanci cikin wannan sharhi. Cire haƙori aikin mintoci ne, amma warkewa a gida ake yin ta, kuma a nan ne aka fi yin kuskure.

Idan haƙori ya fita, jini yakan cika ramin ya daskare ya zama guda. Wannan gudan jini shi ne marfin rauni. Shi ke rufe ƙashi da jijiya, kuma a kansa ne sabuwar tsoka ke tsirowa. Duk dokokin da likita ke bayarwa manufarsu ɗaya ce: kada gudan nan ya fita.

Saboda haka majinyaci ya cije audugar da aka sa masa sosai har minti 30 zuwa 45, ba magana, ba leƙawa. A yini da dare na farko kada ya kurkure baki, kada ya riƙa tofar da yawu da ƙarfi, kada ya tsotsi wurin, kada ya taɓa shi da harshe ko yatsa ko tsinke. Mai alwala ya sa ruwa a baki a hankali ya bar shi ya zubo, ba tare da wasa da shi ba. Kada a sha shayi ko kunu mai zafi, domin zafi yana sake buɗe jini. Kuma tun da leɓe yakan yi awa biyu zuwa huɗu a mace, mutum yana iya ƙonewa ko ya ciji kansa bai sani ba. Kada a sha taba aƙalla kwana uku, kada a zuba garin taba a baki, kada a ci goro. Kada a shiga aikin ƙarfi, noma ko dako ko jan ruwa, a ranar. Da dare a tayar da kai bisa matashi.

Abinci ya zama mai taushi kuma ba zafi: fura da nono, kunun da ya huce, tuwo mai laushi da miyar kuka ko kuɓewa marar yaji, ƙwai, ayaba. A tauna ta ɗaya gefen. Kilishi, tsire, gyaɗa, aya da rake su jira. A sha ruwa da yawa.

Daga rana ta biyu sai a soma kurkure baki a hankali da ruwan ɗumi mai tsabta wanda aka sa wa rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin kofi guda, bayan kowane cin abinci. A ci gaba da goge sauran haƙoran, da buroshi ko asuwaki, a dai kauce wa ramin.

Game da magani, a sha abin da likita ya rubuta, yadda ya rubuta. Parasetamol yakan isa ga mutane da yawa. Kada a sha aspirin, domin yana hana jini daskarewa. Kada a sayi ƙwayoyi daga tire ko bayan keke, waɗanda rana ta gasa, ba a san asalinsu ba. In likita ya ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a shanye shi har ƙarshe. In bai bayar ba, ba mantuwa ya yi ba, ba kowace cirewa ke bukatarsa ba. Kada kuma a tura kanwa, ko toka, ko turare, ko ruwan batir cikin ramin. Waɗannan ƙona nama suke yi.

Ɗan jini cikin yawu a ranar farko ba abin tsoro ba ne. Kumburi yakan kai iyakarsa a rana ta biyu ko ta uku sannan ya sauka. Ɗinki ana cire shi bayan kamar mako guda, in ba mai narkewa da kansa ba ne. Dasashi yakan rufe cikin mako ɗaya zuwa biyu, ƙashi kuwa sai ya yi watanni kafin ya cike.

In gudan jinin ya fita, sai ƙashi ya zauna a fili. Alamar ita ce zafi mai tsanani da ke tasowa a rana ta biyu zuwa ta huɗu, yana harbawa har kunne, da wari a baki. Yana samun mutum 2 zuwa 5 cikin 100, ya fi yawa ga masu shan taba da waɗanda aka cire wa haƙorin ƙarshe na ƙasa. Maganinsa mai sauƙi ne: likita ya wanke ramin ya sa magani a ciki. Amma sai an koma.

Akwai kuma alamun da ba a kwana da su: jinin da ya ƙi tsayawa bayan an sake cije auduga mai tsabta, zazzaɓi, kumburin da ke ƙaruwa bayan kwana uku, ko wanda ya gangaro ƙarƙashin haɓa da wuya, wahalar haɗiya ko numfashi. Mugunyar da ta bazu ƙarƙashin harshe tana iya toshe maƙogwaro ta kashe mutum cikin kwanaki kaɗan. Mai irin wannan alama a kai shi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.

MAGANAR HARSHE

To, mu tambayi kanmu: majinyata nawa ne ke fita daga ɗakin likita da wannan bayani a kansu? Mutum ya tashi daga kujera da tsoro, baki cike da auduga, layi na jira a waje, an miƙa masa takardar magani da Faransanci. Ko da an yi masa bayani, rabinsa ya zube kafin ya kai tasha. Ya isa gida, ƴan dubiya su taru, a dafa masa shayi, a ba shi goro, kowa ya kawo nasa magani. Bayan kwana uku ciwo ya tashi, sai a ce likita ne bai iya ba, gara wanzami. Da haka ne amana ke lalacewa tsakanin jama'a da gidan likita.

A watan Maris na shekarar 2025 kundin sake gina ƙasa ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa. Wannan matsayi ba zai yi ma'ana ga talaka ba sai ya gan shi a inda rayuwarsa take. Takarda guda, mai layi goma da zane-zane, da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek da Barbarci, da boko da ajami, wadda za a ba duk wanda aka cire wa haƙori, ba za ta ci kuɗin kujerar likita ɗaya ba. Kuma ga aiki ga waɗanda suka fito daga ajin yaƙi da jahilci: su karanta wa maƙwabtansu. Karatun da ya hana jinin wani zuba ya biya kuɗin allonsa.

BAKIN YARO

Maganar baki ba ta tsaya ga manya ba. A ranar 15 ga Disamba 2023 ƙungiyar OMS ta sa ciwon nan mai cin fuska, wanda likitoci ke kira noma, cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su, bayan bukatar da Najeriya ta gabatar. Yana kama yara ƴan shekara 2 zuwa 6 waɗanda tamowa ko ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro ya raunana. Yakan fara ne da ɗan gyambo a dasashi da warin baki, cikin kwanaki kaɗan ya huda kunci. In ba magani, wajen 9 cikin 10 suna mutuwa. In an gane shi da wuri, maganin kashe ƙwayoyin cuta da tsabtar baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da shi. Ƙungiyar Sentinelles ta ƙasar Suwis tana karɓar irin waɗannan yara a Damagaram tun 1992, a Sakkwato kuma akwai asibiti na musamman tun 1999. Tun shekarar 2006 dokar ƙasarmu ta tanadi magani kyauta ga yara ƴan ƙasa da shekara 5. Uwa ta buɗe bakin ɗanta ta duba, in ta ga dasashi na jini ta kai shi likita.

Iyaye su kuma san cewa turmin farko na dindindin yana fitowa ne wajen shekara 6, a bayan haƙoran yarinta, ba tare da wani ya faɗi ba. Da yawa suna ɗauka zai famfare, su bar shi ya ruɓe. Shi ne haƙorin da aka fi cire wa matasa, kuma ba ya sake tsirowa.

ABIN DA YA KAMATA A YI

A watan Mayu na 2021 babban taron lafiya na duniya ya zartar da ƙuduri bisa lafiyar baki, daga baya aka tsara shirin aiki na 2023 zuwa 2030, wanda ke neman kashi 80 bisa ɗari na mutanen duniya su sami haƙƙin kulawar baki ta tushe kafin 2030. Ƙasa kamar tamu ba za ta kai ga wannan ba in ta jira sai kowace gunduma ta cika da likitocin haƙori. Tun shekarun 1960 da 1970 Nijar ta nuna hanya da ta horar da ungozomomi da masu ba da agajin farko a ƙauyuka. Wannan dabara tana nan da amfaninta. Makarantun horar da ma'aikatan lafiya na Yamai da Damagaram suna iya koya wa kowane ma'aikacin jinya duba baki, gane noma, kwantar da ciwo, da sanin wanda za a tura gaba. Akwai kuma hanyar cike ƙaramin kogo da kayan hannu, ba lantarki ba injin huda, kuma tun 2021 OMS ta sa kayan cikon da man goge haƙora mai fuluwor cikin jerin magungunan da ba a rasa su. Likitocin manyan birane su riƙa kewaya gundumomi a ranakun da aka sanar ta rediyo. Wanzamai kuma a jawo su a jiki, a koya musu su zama masu tura majinyaci, ba masu finciko ba.

Hukumomin ruwa su ma suna da nasu rabo. Fuluwor kaɗan yana ƙarfafa haƙori, amma in ya wuce miligiram 1,5 cikin litir guda na ruwan sha yana ɓata shi. Ba mu manta da Tibiri ta Gobir ba, inda ruwan rijiyar da aka haƙa a tsakiyar shekarun 1980 ya rina haƙoran yara, ya lanƙwasa ƙasusuwan ɗaruruwa daga cikinsu. Kowace sabuwar rijiya a auna ruwanta kafin a buɗe ta.

Sauran aikin namu ne. OMS ta ba da shawarar kada babban mutum ya wuce giram 50 na sukari a yini, watau ƙwara 8 zuwa 10 na sukarin kwali. Kowa ya ƙirga abin da ke shiga butar shayi daga na farko zuwa na uku, ya ƙara da lemun kwalba da alawar da muke rarrashin yara da ita. Yawan maimaitawa ya fi yawan sukarin illa, domin kowace kurɓa tana sake tayar da tsami a baki. A goge haƙora sau biyu a yini, musamman kafin barci. Asuwakin da muka gada yana aiki in an bi kowane haƙori ciki da waje. Wanda ya ji tsami ya je likita tun kogo yana ƙarami.

Wanda kuma aka riga aka cire masa, ya sani giɓi ba ya zama shiru: haƙoran gefe sukan karkato, na sama ya zazzago, tauna ta ragu. Bayan rauni ya warke ya tambayi likita ko akwai halin sa masa wani.

Haƙorin manya sau ɗaya Allah ke ba da shi. Likita yana iya cire shi cikin minti goma, amma babu mai iya mayar da irinsa. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ƙara wa ƙasarmu lafiya da zama lafiya, amin.